Man Agogo a Wuyan Madubi

Shagonsa bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, a ƙarƙashin wani tsohon bene, tsakanin mai sayar da fenti da mai gyaran rediyo. Duk layin Mai Agogo ake ce masa, har 'ya'yan cikinsa in za su yi wa baƙo kwatance da wannan sunan suke yi. Na san shi tun kansa yana baƙi wuluk. Siririn mutum ne mai dogayen yatsu, idonsa na dama ya ɗan fi na hagu tsukewa, saboda shekarun da ya kwashe yana maƙala ɗan gilashin masu gyara a kwarminsa. In ka shiga shagon, ƙarar agoguna ce take fara yi maka maraba, kowanne da irin tafiyarsa. Na bango suna takun ƙasaita, na hannu kuwa suna sauri kamar yaran da aka aika aka ce kada su daɗe.

Yana ɗan saurayi ya koyi sana'ar a hannun wani dattijo mai faɗa, wanda bai taɓa yabonsa da baki ba, sai dai ya miƙo masa agogon da ya fi wuya ya kau da kai. Abu ɗaya dattijon ya dasa masa a ƙashi: maƙiyin agogo shi ne cijewa. Duk inda ƙarfe ya gogi ƙarfe, a wanke, a ɗiga mai da bakin allura, har sai abin ya yi santsi kamar numfashin jariri. Da wannan karatun ya yi aure, da shi ya ciyar da yara har suka tashi suka kama gabansu.

Sai zamani ya juya, mutane suka koma duba lokaci a waya. Aikin ya zama canjin batir da canjin maɗauri, wani yinin ma sai ƙuda. Bai yi fushi ba. Yakan ce shi da lokaci abokan aiki ne, kuma ba a kai ƙarar abokin aiki. Amma yatsun da suka saba da aiki ba sa son zaman banza, ka gan su a kan teburi suna ta motsi su kaɗai.

Wata rana da hantsi mai sayen tsoffin ƙarafa ya tsaya da baronsa a ƙofar shagon, agogonsa ya tsaya. Yana cikin jira, Mai Agogo ya hango wani baƙin abu a cikin baron, tsakanin karyayyar fanka da tsohon risho, ya lanƙwasa wuya kamar zalɓe a bakin tafki. Madubin likita ne, irin na da, wanda ake leƙawa da ido ɗaya a ga abin da ido ba ya iya gani. Wata makaranta ce ta share ɗakin ajiyarta. Mutumin ya ce nauyin tagullar da ke jiki kawai ya gani. Suka yi musaya, shi ya tafi da agogo mai tafiya, Mai Agogo ya rungumo zalɓensa zuwa gida.

Gidan ɗaki biyu ne a saman bene, kuma taga ɗaya ce mai hasken kirki, wadda ke kallon gabas. A ƙarƙashinta keken ɗinkin matarsa yake tun ranar da suka tare. Tela ce, gwanar aikin wuya, irin wadda mata ke tsallake teloli da yawa su hawo bene don ita. A gaban mutane Malam take ce masa, in su biyu ne kuwa Tsoho. Shi kuma Tela yake ce mata in yana neman tsokana, kuma kullum yana nemanta.

Da ya gaya mata sunan abin, ta zagaya shi tana neman inda ake duba fuska. Ta samu wani ɗan madubi zagayayye a ƙasa, mai kama hasken rana ya tura shi sama, ta leƙa, hancinta kaɗai ya fito.

“Wannan madubin naka ko kwalli ba za a sa da shi ba,” in ji ta. “A ina za ka ajiye mana shi?”

A gefen tagarta ya ajiye shi, ya ce na ɗan lokaci ne.

Ya kwance shi kamar yadda yake kwance agogo, kowane ƙusa a cikin faranti bisa jerin fitowarsa. A wuyan akwai wasu haƙoran tagulla da ke hawa da sauka da bututun leƙawa in an murɗa wasu dunƙulallun ƙarafa biyu na gefe, waɗanda ya raɗa wa suna kunnuwa. Tsohon giris ɗin da ke cikin haƙoran ya daskare kamar ƙaro, kunnuwan sun ƙi motsi. Ya wanke shi tas da kananzir, haƙori bayan haƙori. Ya goge gilasan da suka yi yana kamar saƙar gizo. Sannan ya ɗauko 'yar kwalbar man agogonsa mafi kyau, wanda ba kowane agogo yake ba wa ba, ya ɗiɗɗiga da bakin allura. Da ya murɗa kunnen, bututun ya hau ya sauka ba ko ƙara. Ya ce da dattijon nan yana raye, da yau ya sake kau da kai.

Fatar albasa ya fara sawa, ya ga ɗakuna jere kamar ginin bulo, kowanne da mai gidansa a zaune a tsakiya. Ya sa fiffiken ƙuda, ya sa gishiri, ya ga ashe kowace ƙwaya akwati ce mai kusurwa huɗu. Ranar da ya ɗebo ɗigon ruwa daga ƙarƙashin tukunyar fulawar da ke kan matakala, ya daɗe bai ɗago ba. Akwai gari a ciki. Wasu suna birgima, wasu suna tsalle, wani mai siffar silifa yana ratsa su yana juyi kamar ɗan kasuwar da ya makara.

“Tela, bar keken nan ki zo ki ga ikon Allah.”

Ita kuwa ba a tashinta da gaggawa. Sai ta kai ƙarshen layin ɗinki, ta yanke zare, ta cire tef daga wuya, ta kakkaɓe zaninta. Ya tashi ya ba ta kujera, ya ja mata kunne kada ta taɓa kunnen, ya riga ya saita, in ta murɗa gilashin bututun zai iya dukan gilashin da ɗigon ruwan ke kai ya fashe. Ta ɗora hannuwanta a cinya kamar ɗaliba, ta sunkuya. Ta ce ba ta ga komai ba sai fari-fari, kamar an zuba madara a ruwa. Ya zauna, ya leƙa, ga silifa yana ta harkarsa. Ta sake zama, da tabarau, ba tabarau, madara dai.

Ya ce laifin hasken ne. Rana tafiya take yi, kuma in Tela ta sunkuya kafaɗarta tana tare taga. Dama ita ta fara ƙorafi cewa zalɓen nan ya cinye mata rabin haske. Sai ya sauka wajen maƙwabcinsa mai gyaran rediyo, wanda ake kira Injiniya, mutum mai ƙiba da dariya, wanda rabin kayan shagonsa gawarwakin rediyo ne. Suka cire ɗan madubin ƙasan, Mai Agogo ya naɗe shi a ƙyalle ya adana. A gurbinsa suka dasa ƙwan tocila, suka haɗa shi da abin ƙara murya na wata matacciyar rediyo, in ka murɗa haske ya ƙaru, in ka mayar ya lafa. Hasken ya zo da kaifi yana sukar ido, sai Mai Agogo ya ɗauki gilashin wani agogon aljihu ya goge shi da takardar yashi har ya yi dishi-dishi, ya kifa a kan ƙwan. Haske ya kwanta lumui kamar na sassafe. Madubi ya koma kan wani ɗan teburi a gefe, Tela ta karɓi tagarta.

Ta zo ta leƙa. Madara.

Ya ce to ramin leƙawar ne ya yi ƙanƙanta. Autarsu, wadda ke aikin jinya a wani gari, ta aiko masa da wani gilashin leƙawa mai faɗi da ta samo. Ya zo ya yi wa bututun sako-sako, ya yanka zobe daga bayan wani tsohon agogon tebur, ya goge shi da zarto har ya zauna daram. Autar ce kuma ta gaya masa a waya cewa in aka tare tsakiyar hasken da wani baƙin abu zagayayye, fili zai yi duhu, halittun su yi ta ƙyalli. Ya buɗe gwangwanin maɓallan Tela ba izini, ya gwada wannan ya gwada wancan, har ya dace da wani baƙin maɓallin kwat. Ya leƙa. Kamar an kifar da sararin sama a cikin ɗigon ruwa, taurarin kuma suna iyo.

Wannan karon ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago ba ta yi masa ba'a ba, ba ta ma tambayi maɓallinta ba. Ta ce a da madara take gani, yanzu kuwa duhu. Ta koma kan kekenta.

Daga ranar wasa ya ragu a ɗakin. Ya lura tana kai zare bakin allura ta janye, tana murza ido, tana kallon taga kamar mai auna ta. Wata yamma wata tsohuwar mai kawo mata ɗinki ta hawo da yadi mai tsada, tana son aikin wuya irin na sirara. Yana ji daga ɗaya ɗakin Tela ta ce ta yi haƙuri ta kai wa yara masu ido. Matar ta yi ta roƙo, ta ce za ta bar yadin ko ta canza shawara, Tela ta ce a'a, ta tafi da abinta.

Bayan matar ta sauka ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. Ba ta juyo ba.

“Innata ma da haka nata ya fara,” ta ce. “Kowa yana cewa ga abu, ita tana cewa ina. Kai da ka girme ni kana ganin abin da bai kai kan allura ba, ni ko inuwarsa. Gara in ajiye aikin da mutuncina, kafin in ɓata wa mutane kaya.”

Ya ce ai tana zura zare, tana karanta lambar tef. Ta ce wannan hannu ne ya saba, ba ido ba. Shi da ya kawo abin don ya raba mata daɗi, ga shi ya zame mata alƙali. Autar ta ce za ta zo ta kai ta a duba idon, Tela ta ce ba inda za ta, ba ta son a faɗa mata da baki abin da ta riga ta sani. Ya yi tunanin ya mayar da zalɓen cikin kwali ya tura ƙarƙashin gado, sai ya ga ko ya ɓoye shi maganar ta riga ta zauna mata a rai. Abin da zai cire ta ɗaya ne, ta leƙa ta gani.

Wata safiya ya zauna ya saita ɗigon ruwansa, sai Injiniya ya ƙwala masa kira daga ƙasan matakala, wai ga wani ya kawo agogon bango. Ya tashi ya sauka. Tela tana kan keke, rana ta shigo ta taga ta faɗa a kan wuyan madubin. Tsakanin bututun da jikin da yake hawa a kai akwai wani siririn layin tagulla da ke ƙyalli. Tana gyara zare ta ga kamar layin ya rage faɗi. Ta ce idon ne yake mata wasa. Ta ci gaba da kallo, ya ƙara tsukewa.

Tela ba ta musu da yadi, alli take sa masa. Ta ɗauki allin ɗinkinta, ta murɗa kunnen da aka hana ta taɓawa har bututun ya koma sama, ta ja layi ɗaya ya ratsa bututun da jikin gaba ɗaya, ta koma ta zauna ta naɗe hannu. Kafin ya gama ciniki ya hawo, layin ya rabu biyu, rabi a sama, rabi ya sauka ya bar ɗan'uwansa.

“Tsoho, zo ka ga ɗinkinka yana warwarewa.”

Ya duba allin, ya duba ta. Ya mayar da layin ya haɗe, yatsunsa a kan kunnen, layi ya tsaya cak. Ta ce ya ɗauke hannun. Ya ɗauke. A hankali, a hankali, yadda rana ke sauka ba a ganin tafiyarta, bututun ya fara zamewa da nauyin kansa. Ashe duk lokacin da yake leƙawa yatsunsa suna kan kunnen, suna tallafe da shi, suna gyarawa bai sani ba, kamar yadda suke riƙe da kan agogo in yana saita shi. Da ya tashi ya ba ta kujera, kafin ta yanke zare ta kakkaɓe zani, garin ya nutse. Ita kuma ya ce kada ta taɓa.

Ya zauna a bakin gado, dariya ta kama shi har da hawaye, rabinta kunya. Ya ce sabo turken wawa. Shekara da shekaru yana yaƙi da cijewa, ya zo ya samu abin da cijewar ce ransa, ya yi masa wanka da man agogo. Wancan daskararren giris da ya ƙwaƙule yana tsaki, shi ne yake riƙe da wuyan.

“Ka ce in ba ka ido,” in ji ta, “ashe hannu ka hana ni.” Ta ɗaga allin ta nuna masa. “Kuma wannan zamewar da ba ta kai kaurin zare ba, wa ya gan ta? Kai ko ni?”

Ya ce ita.

Da Mai Agogo ya sauka ya ba shi labari, Injiniya ya yi dariya har tumbinsa yana rawa. Ya ce duk rayuwar mutum yana roƙon abu ya yi tafiya, yau an ce ya tsayar da abu ya kasa. Ya laluba cikin tarkacensa ya fito da wani ɗan gwangwanin giris mai kauri, mai danƙo kamar zuma a lokacin sanyi, irin wanda ke sa abin murɗa rediyo ya tsaya inda aka bar shi. Mai Agogo ya sake kwance wuyan, ya wanke mansa mai daraja yana ba shi haƙuri, ya shafa giris ɗin da tsinke, ya ɗan ƙara ɗaure wasu ƙusoshi biyu da ke matse haƙoran. Kunnen ya yi nauyi a hannu. Ya ce a agogo da wannan nauyin ciwo ne.

Ba ta yarda ta leƙa nan take ba. Ta sake jan layin alli, ta ce a bar shi su sha shayi tukuna. Suka sha, suna satar kallonsa kamar masu gadin yaro mai ƙiriniya. Suka wanke kofuna. Layi yana nan ɗaya.

Ta zauna. Wannan karon ta kai hannu ta kama kunnen da kanta, ya buɗe baki zai yi magana ta harare shi, ya rufe. Ta murɗa kaɗan gaba, kaɗan baya, yadda take lallaɓa zaren keke in ya yi tauri. Sai hannun ya tsaya. Ya ga kafaɗunta sun sauka, kamar wadda ta sauke tulu.

Ko ɗagowa ba ta yi ba ta jefo masa tambaya.

“Wannan mai kama da silifan, wa ya yi masa geza a gefe? Dubi yadda take kaɗawa. Kuma duk tsawonsu ɗaya, ba wanda ya fi wani.”

Ya ce wace geza? Ya karɓi kujera ya leƙa, ya ƙura ido, da ƙyar ya ga wasu 'yan gashi sirara suna rawa a gefen halittar. Duk kallon da ya yi wa silifan nan bai taɓa lura da su ba. Ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, ya tashi ya ba ta wuri.

Kafin azahar ta sa ya ɗora mata zaren siliki, ta ga igiya ce murɗaɗɗiya kamar ta jan guga. Ta sa ya ɗora bakin allurarta, ta ga ashe dakusasshe ne kamar taɓarya, ta ce dole, shi ya sa take jan yadi, ta jefar da ita ta ɗauko sabuwa. Da yamma ta ɗauki waya ta kira matar nan, ta ce in ba ta kai yadin ko'ina ba ta dawo da shi. Da autar ta zo kuwa, da ƙafarta ta bi ta aka duba idon, aka canza mata tabarau, aka ce sauran lafiya lau. Ta dawo tana cewa ai ta riga ta sani, allinta ya gaya mata.

Har yanzu yana buɗe shagon da safe, ya canza batir, ya gaisa da mai fenti, ya saurari agogunansa. In ka zauna zai ba ka labarin abin da yake shirin ƙara wa zalɓen, yanzu wai wani maƙali yake sassaƙawa da zai riƙe waya a bakin bututun, don autar ta riƙa gani daga inda take. Zai kuma yi maka ƙorafi, fuskarsa cike da murmushi, cewa madubin ya fi ƙarfinsa. In ya hawo da rana sai ya tarar an ɗebo ruwan tukunyar fulawa, an zauna masa a kujera, sai ya ja layi kamar baƙo. Maɓallin kwat ɗin ma ta ce aro ta ba shi.

Na hau benen kwanan baya na leƙa, na ga taurarin suna iyo. Da na ɗago sai na lura da farin layin alli a baƙin wuyan, na kai yatsa zan share, na ɗauka ƙura ce. Tela tana kan keke, yadi mai tsada a gabanta, ko juyowa ba ta yi ba ta ce in bar shi, a nan take duba ko Malam ya sake yi masa gwaninta.